A Kori Koci, A Sayo Lamba Tara: Abin da Ake Muhawara a Kansa a Rumfar Kallo ta Kamarawa

Ranar Asabar, in an idar da sallar La'asar, rumfar kallon ƙwallo takan cika kafin mai ita ya gama tayar da janareto. Rumfa ce ta kwano da zana, da bencuna na katako da talabijin guda. A benci na biyu, wajen ƙofa, nan ne mazaunin wani tela ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya fara goyon bayan Arsenal tun yana yaro, a zamanin da Nwankwo Kanu ke taka leda a can. Kaka uku a jere ƙungiyarsa ta ƙare gasar Firimiya a matsayi na biyu, daga 2023 zuwa 2025, kuma kaka ukun nan maganarsa ɗaya ce: babu lamba tara. A sayo mai cin ƙwallo, kofi zai zo. 'Yan Manchester United da ke zama bayansa su ma maganarsu ɗaya ce, kuma ba ta sauya ba tun 2013: wanga koci bai san komi ba, a kore shi.

Kamarawa tana cikin ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, kusa da iyakar Shinkafi ta Zamfara. In aka nausa arewa sai Sabon Birni, in aka wuce ta sai ƙasar Maraɗi, inda dubban mutanen yankin suka tafi gudun hijira a shekarun nan. Ƙasar Gobir ce ta noma da kiwo, wadda 'yan bindiga suka hana sakat, suna sace mutane suna ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a je gona. Baƙon da ya ji samari a irin wannan wuri suna ɗaga jijiyar wuya a kan wani ɗan Sufaniya da ke horar da ƙwallo a Landan zai iya cewa ɓata lokaci ne. Amma duk wanda ya zauna ya saurara zai ji cewa maganganun nan biyu suna da tushe, kuma tushen nasu yana nan gida.

Dalilin da ya sa ido ke kan mai cin ƙwallo

Telan ba ya kallon rabin wasannin da yake yanke wa hukunci. Wasannin Gasar Zakarun Turai sai ƙarfe takwas ko tara na dare ake fara su, a tashi dab da sha ɗaya, kuma a garin da ake kwana da kunne a buɗe ba mai son taron samari da ƙarar janareto a wannan lokaci. Sakamako sai da safe, daga rediyo. Hoton wasan kuwa sai wanda ya samu sabis ya sauke guntun bidiyo na minti biyu ko uku, a yi ta tura shi daga waya zuwa waya a wajen mai caji.

Shi guntun bidiyo ba ya nuna komai sai ƙarshen aiki. Yana nuna ƙafar da ta zura ƙwallo a raga, da ƙafar da ta ɓarar. Ba ya nuna ɗan tsakiyar da ya ƙwato ƙwallon, ko ɗan bayan da ya rufe hanya minti tamanin ba a ambaci sunansa ba. Wanda iliminsa na wasa ya ginu a kan irin waɗannan guntaye dole ya ɗauka ƙwallo aikin mutum ɗaya ne, kamar wanda bai taɓa ganin gona ba sai ranar da ake ɗaure dammunan gero.

Tarihin wasan kuwa ba ya goyon bayan telan yadda yake zato. Manchester City ta ci kofin Firimiya a 2021 da 2022 tana buga mafi yawan wasanninta ba tare da tsayayyen lamba tara ba. Erling Haaland ya zo ne a 2022 ya tarar da gida a gine, ya ci ƙwallo 36 a kakarsa ta farko a gasar. Chelsea kuwa ta biya fam miliyan 50 a kan Fernando Torres a Janairun 2011, ta sake biyan kusan fam miliyan 100 a kan Romelu Lukaku a 2021, dukansu sun zo da suna, kuma babu wanda ya ci abin da aka saye shi dominsa. Lukaku ƙwallo takwas ya ci a gasar a wannan kakar, aka mayar da shi Italiya aro. Mai cin ƙwallo kamar bakin tulu yake: abin da aka zuba a ciki shi yake fitarwa.

Kasuwar da ba a rufewa

Mutumin da ya fi kowa fahimtar cinikin 'yan wasa a wannan unguwa bai taɓa shiga rumfar ba. Kawun telan ne, dattijo da ya yi shekaru yana dillancin shanu. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, daga baya kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samu. Dillali ya zauna gida babu kasuwa, rumfar kallo ta yi shiru babu mai. A watan ne Cristiano Ronaldo ya buga wasansa na farko bayan komawa Manchester United ya ci biyu, kuma da yawa daga magoya bayansa a nan labari kawai suka ji. Tun daga lokacin dattijon ya saba zama a bakin shagon ɗan 'yar'uwarsa, yana sauraron labarin wasanni tare da shi.

Da telan ya yi masa bayanin yadda ake cinikin, sai ya ce ai wannan kara ce, sunan kawai aka sauya. Akwai masu kiwo, ƙananan ƙungiyoyi da ke sayen ɗan maraƙi da arha su ciyar da shi su sayar da tsada. Akwai dillali, wakilin ɗan wasa, wanda la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, don haka shi ne ke fara baza jita-jita. Akwai kuma mai saye a ƙurarren lokaci, wanda kowa ya san matsuwarsa, kamar mai neman ragon layya ranar jajibiri.

Kwatancen ya yi daidai, sai dai a wuri ɗaya: sa ba ya cewa ba zai bi sabon ubangida ba, ɗan wasa kuwa yana cewa. Abin da ake saye ba mutumin ba ne, ragowar shekarun kwantiraginsa ne. Tun hukuncin Bosman na 1995, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana da ikon tafiya kyauta, shi ya sa farashi ke faɗuwa in shekara ɗaya ta rage. Kuɗin da ake shelantawa ma ba shi ne dukan nauyin ba. Akwai albashi na kowane mako, kuma a littafin lissafi ana raba kuɗin sayen ne a kan shekarun kwantiragi. Wannan ne ya sa Chelsea ta riƙa bai wa sababbin 'yan wasa shekara takwas, har hukumar ƙwallon Turai ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023.

Labarin Victor Osimhen ya tattara duk wannan. Lille ta Faransa ta ɗauko shi daga Charleroi ta Beljiyam a 2019, bayan shekara ɗaya ta sayar wa Napoli a kan kusan yuro miliyan 70. Ya ci ƙwallo 26 a kakar da Napoli ta ɗauki kofin Italiya a 2023, karo na farko cikin shekara 33, aka kuma zaɓe shi gwarzon Afirka. Amma a ƙarshen Agustan 2024 kasuwa ta tashi bai tafi Chelsea ba, bai tafi Saudiyya ba, domin ba a daidaita ba a kan kuɗi da albashi. Kasuwar Turkiyya tana cikin waɗanda suka rage a buɗe, sai ya tafi Galatasaray aro, wadda ta saye shi dungurungum a 2025 a kan yuro miliyan 75. A rumfa an ce wulaƙanci ne aka yi wa ɗan Najeriya. Dattijo kuwa ya ce wa telan: “Ɗana, mai sa ya yi tsada, mai saye ya yi rowa, rana ta faɗi. Sau nawa na kora dabba gida da maraice a kan haka?”

Koci, wanda ake iya kora

Maganar 'yan benci na baya ta fi wuyar rushewa, domin sau da yawa ido yana gaskata ta. A kori koci, sabo ya zo, ƙungiya ta ci wasa biyu ko uku, kowa ya ce ga shi nan. Abin da ake mantawa shi ne ba a korar koci sai lokacin da sakamako ya kai maƙurar muni, kuma abin da ya kai maƙura yakan dawo matsakaici ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba: masu rauni su warke, wasanni masu tsanani su wuce, ƙwallon da ke dukan turke ta fara shiga. Wanda aka ba riƙon gandu bayan shekarar fari zai sha yabo da damina ta gyaru, alhali ba shi ya kawo ruwa ba.

Ita kanta Manchester United shaida ce. Alex Ferguson ya zo a 1986, bai ci kofin komai ba sai 1990, bai ci gasar ƙasa ba sai 1993. Da rumfar Kamarawa ce ke da wuƙa da nama, da bai kai ga ko ɗaya daga kofunan Firimiya 13 da ya ci ba. Bayan tafiyarsa a 2013 an gwada David Moyes, da Louis van Gaal, da José Mourinho, da Ole Gunnar Solskjær, da Erik ten Hag, kowanne aka raka shi da tsinuwa, kofin gasar bai dawo ba. In mutum biyar masu hali daban-daban suka kwana a ɗaki ɗaya duk suka jiƙe, rufin ya kamata a duba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Super Eagles. A Disamban 2021 aka sallami Gernot Rohr bayan ya haura shekara biyar, jama'a suka yi murna. Wata uku bayan haka Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya ta 2022. José Peseiro ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024, ya tafi. Finidi George bai cika wata biyu ba ya ajiye aiki, bayan Jamhuriyar Benin ta doke Najeriya da ci biyu da ɗaya, kuma mai horar da Benin a ranar shi ne Rohr ɗin da aka kora. Eric Chelle ya karɓa a Janairun 2025, a Nuwamba kuma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Najeriya a bugun fenariti a Rabat, a makon da 'yan wasa suka ƙaurace wa atisaye saboda alawus ɗin da ba a biya su ba. Ƙasar da ta fitar da gwarzon Afirka shekara biyu a jere, Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024, ta rasa gasar duniya sau biyu a jere. Ga mai cin ƙwallo, ga sauyin koci, ga kuma sakamako.

Abin da ke ƙarƙashin gardamar

Samarin nan ba jahilan wannan tarihi ba ne. Wasunsu sun fi mai rahoton wasanni riƙe shekaru da alƙaluma. Abin da ke jan su ga maganar kora shi ne, a duniyar ƙwallo kaɗai suke ganin gazawa tana da suna da fuska da ranar hisabi. Koci ya sha kashi sau biyar, a kira shi gaban 'yan jarida ya amsa tambaya, in abin ya ci gaba ya kwashe kayansa. A rayuwarsu ta yau da kullum kuwa, gari yakan tashi, gona ta kwana ba shuka, a sayar da shanun huɗa a biya kuɗin fansa, ba su ji wanda ya sauka daga kujerarsa saboda haka ba. Kalmar “a kore shi” tana da daɗin faɗa ga wanda ba shi da wurin faɗarta sai nan.

Begen lamba tara shi ma ɗan'uwanta ne. Fata ne na cewa akwai mutum ɗaya a wani wuri wanda in ya zo komai zai daidaita: sabon kwamanda, sabon gwamna, sabon mai shiga tsakani. Ƙwallon da suke kallo kowane mako tana koya musu akasin haka, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar da ke cin kofi ita ce wadda mai tsaron raga da mai neman 'yan wasa da mai biyan albashi duk suke aikinsu. Darasi ne mai nauyi, domin gyaran rufi ya fi korar mai kwana a ɗaki wuya da tsada, kuma ba a gama shi a damina ɗaya.

A Yulin 2025 Arsenal ta sayo Viktor Gyökeres daga Sporting ta Fotugal. Telan ya yini yana ɗinki yana murmushi, ya sayi shayi ga duk wanda ya zo taya shi murna. Da kaka ta yi nisa kaɗan, aka jera wasanni sabon ɗan wasan bai ga raga ba, sai aka ji shi a benci na biyu yana cewa laifin koci ne da bai san yadda ake amfani da shi ba. Da ya koma shago ya maimaita wa kawunsa, dattijon ya tambaye shi ko yanzu kuma wa za a sayo. Telan bai amsa ba. Ya leƙa waje ya ga rana ta yi ja, ya fara shigar da keken ɗinki ciki, domin a Kamarawa ba a bari magariba ta tarar da kaya a waje.