Yunwar da Na Ƙaƙaba wa Birnin Matsafa

Na taɓa hana wani yaro ciyar da masu jin yunwa, don kawai kada ya ɓata mini labari. Yunwar ta takarda ce, mutanen ma na takarda ne, amma hanin na gaske ne, kuma ni ne marar gaskiya.

Wasan da muke yi shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar suke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama bakinsa: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wani matsafi. Mutum guda kuma shi ne jagora, shi ke ƙirƙirar ƙasar da sarakunanta da kasuwanninta da masifar da za ta afka mata. In jarumi ya yi yunƙurin abu mai haɗari, sai a jefa ƙwayar lido mai fuska 20 a ga ko ya dace. Sihirin da ke ciki kuwa, tun kafin wani ya fara a'uziyya, dokoki ne rubuce a littafi, kowane da iyakarsa da farashinsa da yawan lokutan da za a iya yin sa a rana. Babu wanda ya taɓa kunna ko ashana da shi.

Ni ne jagora a teburinmu. Na tsara birni mai ganuwa da mutum 20,000, na ƙawata shi son raina: fitilun da ba sa mutuwa a kan tituna, makarantar matsafa, haikalai huɗu, kowane da ƙwararrun firistoci goma. Duk wannan da bakina na faɗa tun zaman farko, don a san na iya gini. Daga nan na saukar wa birnin fari da yunwa, domin jaruman su fita su ƙwato rumbunan hatsi daga hannun 'yan fashi. Abin da nake so ke nan, doguwar tafiya da gumurzu.

A teburin akwai ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda jaruminsa firist ne. Ina cikin kwatanta yadda mata ke zube a ƙofar fada, sai ya ɗaga hannu.

"Yaya, tsaya tukuna. Ba ka ce akwai firistoci 40 a garin nan ba?"

Na ce haka ne.

"To me suke yi mutane na mutuwa?"

Ya buɗe littafin dokoki, bugun 2014, ya nuna mini sihirin mataki na uku da ke samar da abinci kusan kilo 20 da ruwa sama da lita 100, wanda zai ishi mutum 15 yini guda. Ya ce shi kansa jaruminsa na iya yi sau biyu a rana, kuma yana so ya je ya tara sauran firistocin su kafa tukwane a ƙofar kowane haikali.

Na ce, "Kai ka cika tsurku. Sihirin abinci ba ya ci a wannan ƙasar."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun yanzu."

Aka yi dariya, ya rufe littafinsa. Muka ci gaba, aka je aka kashe 'yan fashi, aka dawo da hatsi. Sai dai daga ranar babu wanda ya sake tambayata komai game da birnin. Sun fahimci cewa ƙasar ba ta da wata doka sai abin da ya yi mini daɗi, don haka tambayarsu ta koma ɗaya: wa za mu sara yau? Ni da na sha wahalar zana tituna da haikalai, ni na koya musu cewa zane ne kawai.

Abin kunyar ma shi ne ban ko yi lissafin ba. Na tsorata ne kawai. Da na ɗauki biro, da na ga firistoci 40, kowane yana ciyar da mutum 30, mutum 1,200 ke nan a birni mai 20,000. Yaron bai rushe yunwata ba. Ya miƙo mini labarin da ya fi nawa nesa ba kusa ba, na ture. Su wa za su ci? Wa ke rubuta sunaye? Sarki zai ce dogarawansa ne farko, attajirai za su fara gina wa haikali sabon soro, firist ɗin da ya ƙi bin jerin sunayen fada za a neme shi a rasa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi irin wannan bayani a littafinsa na 1981 kan yunwar Bengal ta 1943, wadda ta kashe mutane miliyoyi. Hujjarsa ita ce abinci bai ƙare a ƙasar ba, ikon mallakarsa ne ya kuɓuce wa talaka. Ga wannan darasi ya zo har teburina ta bakin ƙanena, girman kai ya hana ni gani. Na kira shi daga baya na ce masa shi ne da gaskiya. Ya ce, "Ai na sani, Yaya."

Asalin kuskuren ya girmi wannan zaman. Na ɗauki sihiri a matsayin makami da ado kawai, abin da jarumai ke jifan dodo da shi, alhali na cika gari da masu yin sa. Na bar manomi da ɗan kasuwa da alƙali suna rayuwa irin ta Turai a ƙarni na 13, kamar ba su san maƙwabcinsu na iya warkar da cuta da taɓawa ɗaya ba. Ba ni kaɗai ke wannan ba, yawancin duniyoyin wasan haka aka gina su. Amma duk wanda ya karanta jerin sihirin da idon mai neman abinci zai ga cewa ƙwallon wutar da kowa ke yayi shi ne mafi ƙarancin tasiri a ciki.

Duba noma. Akwai sihirin bokayen daji, shi ma na mataki na uku, wanda in aka shafe awa 8 ana yin sa, duk shukar da ke cikin rabin mil ta kowace fuska za ta ba da ninki biyu na amfaninta har shekara guda. Wannan fili ya kai hekta 200. Boka ɗaya da ke zagaya ƙauyuka kwana 100 ya ninka amfanin hekta 20,000. Sarkin da ke da hankali ba zai tura irin wannan mutum farautar dodanni ba. Zai ba shi gida da sarauta, ya kuma sa masa masu gadi, waɗanda rabin aikinsu kare shi ne, rabi kuma hana shi ƙaura zuwa ƙasar maƙwabta. Idan hatsi ya ninka, rabin manoma ba su da aiki a gona, za su kwararo birni. Haka nan tulun nan na sihiri da ba ya ƙafewa, mai iya fitar da sama da lita 1,000 a minti ɗaya: guda ɗaya ya isa a kafa gari a tsakiyar hamada, kuma duk mai riƙe da shi shi ne sarki, ko da wani ne ke sanye da rawani.

Mutuwa ta fi ban tsoro. A duniyarmu rayarwa da kashewa na Allah ne shi kaɗai, amma a dokar wasan firist mai mataki babba na iya tayar da wanda ya mutu, in bai wuce kwana 10 ba, in kuma an kawo lu'ulu'u mai darajar zinare 500. Littafin nan dai ya ce ladan lebura azurfa 2 ne a rana, kuma azurfa 10 ke yin zinare ɗaya. Wato sai lebura ya yi aikin kwana 2,500, kusan shekara bakwai, bai ci bai sha ba, kafin ya dawo da ɗansa. Ga attajiri kuwa, kuɗin doki mai kyau da kayansa ne. A irin wannan ƙasa haɗari da annoba da yaƙi suna kashe talaka ne kawai. Sauran tambayoyin suna biyo baya da kansu. Sarki ya mutu ran Talata, an naɗa yarima ran Laraba, an tayar da sarki ran Juma'a: wa ke kan gado? Yaushe ake raba gado, nan take ko bayan kwana goma? Matar mamaci fa? Mai kisan kai ma sana'arsa za ta canza, domin sihirin ba ya aiki in babu kai ko zuciya, don haka ba a gama kisa sai an ɓatar da gawa. Ma'adinan lu'ulu'u kuwa za su zama abin da dauloli ke yaƙi a kansa.

Na ɗan yi zaton cewa kotu ce za ta huta, tunda akwai sihirin mataki na biyu da ke hana mutum furta ƙarya na minti 10. Da na sake karantawa sai na ga wanda aka yi wa ya san an yi masa, yana iya yin shiru ko ya yi ta kewaye-kewaye, kuma mai ƙarfin hali na iya tsallake shi. Wanda ya san ko ya kama ko bai kama ba mutum ɗaya ne, mai yin sihirin. Ashe ba a kawar da ƙarya ba, an tattara ta ne a bakin firist guda, kuma kowa ya san ƙofar gidansa.

Ganuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Katangun Kustantiniya sun tsaya kusan shekara dubu, igwa ta zo a 1453 ta nuna cewa zamaninsu ya wuce, Turawa suka koma gina katangu gajeru masu kauri. Ni kuwa na kewaye birnina da doguwar ganuwa a ƙasar da matsafi matsakaici ke tashi sama.

Wanda ya ɗauki waɗannan tambayoyi da muhimmanci shi ne Keith Baker. A 2002 kamfanin Wizards of the Coast ya buɗe gasar neman sabuwar duniya, aka aiko da shawarwari sama da 11,000, tasa ta yi nasara, aka buga ta a 2004 da sunan Eberron. Dabararsa ita ce ƙaramin sihiri ya yaɗu ko'ina, babba kuma ya yi wuyar samu. Akwai masu sana'a da suka iya sihiri ɗaya ko biyu kacal, da shi suke ci da iyali: mai kunna fitilun titi, mai gyaran ƙarfe, mai kulle ƙofa. Akwai jirgin ƙasa mai tafiya da ƙarfin sihiri, da jiragen sama, da ofisoshin aika saƙo daga gari zuwa gari. Amma bai ce kowa ya ji daɗi ba. Manyan sana'o'in suna hannun wasu zuriyoyi da ake haifa da tambarin sihiri a jiki. Gidan Jorasco ke da warkarwa, kuma sai ka biya. Gidan Orien ke da jirgin ƙasa, Gidan Sivis ke da saƙonni. Gidan Cannith ya ƙera sojoji na itace da ƙarfe masu rai da tunani, ya sayar wa kowane ɓangare a yaƙin da ya shafe sama da shekara 100. Da aka yi sulhu aka 'yanta su, sai ga dubban halittu da ba su san komai ba sai yaƙi suna neman aikin dako, leburori na jin haushinsu don ba sa ci ba sa barci. Ƙasar Karrnath, da yunwa da annoba suka ci ƙarfinta, gawarwakin sojojinta ta tayar ta mayar fagen fama. Har doka aka yi da ta hana waɗannan gidaje mallakar ƙasa da riƙe sarauta, domin sarakuna sun gane da wa suke takara.

Dark Sun, wadda ta fito a 1991, ta bi ta wata hanyar. A can sihiri daga ran tsirrai yake zuƙar ƙarfinsa, matsafi marar tausayi in ya yi aiki sai ciyawar da ke kewaye da shi ta zama toka. Shekaru aru-aru na haka suka mayar da duniyar Athas hamada, 'yan biranen da suka rage suna hannun sarakuna matsafa masu riƙe da ruwa, talaka kuwa in ya gane kai matsafi ne sai ya tara maka jama'a. Duniya ce mai ɗaci, amma ba ta yi wa mai wasa ƙarya: ta faɗi wanda ya biya kuɗin sihirin.

Ba na cewa dole kowane tebur ya zama ajin tattalin arziki. Wanda ke son jarumai da dodanni kawai yana da hanya mai sauƙi, ya sa masu sihiri su yi ƙaranci ƙwarai, firist ɗaya a lardi guda, ya kuma tsaya a kan hakan. Wasan Ars Magica na 1987 kusan haka ya yi: matsafansa 'yan kaɗan ne, sun keɓe kansu, kuma dokar ƙungiyarsu ta hana su tsoma baki a harkar sarakuna. Abin da ba ya yiwuwa shi ne wanda na yi, ka cika gari da matsafa don ado, ranar da wani ya nemi su yi aiki ka ce sihiri ya tafi hutu.

In kai ne jagora a teburinku, kafin ka zana taswira buɗe jerin sihirin mataki na ɗaya zuwa na uku, ka tsallake duk na faɗa, ka karanta sauran. A kan kowane ka rubuta mutum nawa ne suka iya shi a garin, nawa suke karɓa, da kuma wanda sana'arsa ta mutu saboda su. In kana son ganin yadda gwani ya yi, an sake buga Eberron a 2019 bisa dokokin bugun 2014 ɗin nan, kuma bayanin gidajen nan masu tambari ne ya kamata ka fara karantawa.