Daga Ƙunshin Dillaliya Zuwa Salula

A Mayahin da na tashi, wajen ƙarshen shekarun 1980, ba a allo ko a takarda ake sanin sabon kaya ba, baki ne ke kai labari. Ranar kasuwa akwai mai shela da ke ratsa rumfuna yana ɗaga murya, akwai masu magani da ke tara jama'a a gindin itace, ga kuma 'yan mata masu talla suna kiran fura da ƙuli-ƙuli a bakin zaure. Amma duk waɗannan iyakarsu waje. Wadda ke shiga har ƙuryar ɗaki, inda ake yanke shawarar abin da za a saya wa amarya da abin da za a haƙura da shi, ita ce dillaliya. Gwaggona, yayar babanmu, dillaliya ce. Ni ke ɗaukar mata ƙunshi in babu lakwal, har zuwa lokacin da na yi girman da ba a barina in wuce zauren mutane.

Cikin ƙunshin akwai turmin atamfa, ɗankwali, kwanon samira, tasoshi, turaren wuta, kwalli da 'yan kunne. Kusan duka ba nata ba ne. Na 'yan kasuwa ne masu saro kaya a Maradi da Tasawa, wasu kuma daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Ita jarinta ƙafarta ce da bakinta, sai kuma sanin da ta yi wa gidajen da take shiga. Gidajen ba su da yawa: unguwarmu, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, da wasu dangi a ƙauyukan wajen Sarkin Hausa. Sai dai ta san kowanne ciki da bai. Ta san wadda aka sa wa ɗiyarta rana, da wadda mijinta ya tafi cin rani ya aiko da ɗan abin hannu, da wadda jar akuyarta ta haifi tagwaye. Ba ta taɓa kwance turmi mai tsada a gaban matar da ta san ba ta da halinsa, don kada ta tashi ta bar ta da ƙunar rai.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda take karɓar kaya. In an kawo mata atamfa, ba ta ɗauka sai ta jiƙa bakin zanen, ta goga sabulu, ta murza shi a kan wani farin ƙyalle da take ajiyewa don wannan aikin kaɗai. In ƙyallen ya ɗauki launi, sai ta ninke turmin ta tura wa mai shi. Na ga wani ɗan kasuwa ya dage mata yana cewa, "Haba Hajiya, wannan fa ɗan Holan ne." Ta ɗaga ƙyallen ta nuna masa, ta ce, "Alhaji, ɗan Holan ba ya zuba. Kai gobe kana Maradi, ni ko da matan nan za mu haɗu wurin suna da wurin gaisuwar mutuwa." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, shi ma bai ƙara ba.

La'adarta kuwa a fili take. Mai kaya ya san abin da za ta ci, mai saye ma ta sani. In zane ya koɗe bayan wanki biyu, ƙofarta za a zo, kuma ita za ta bi mai kayan ko ta cika daga bakin zanenta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin da matan unguwa ba su iya bi ba. Daga nan ƙunshin Gwaggo ya sauya. Sabon kaya ya ragu, kayan hannu suka ƙaru: kwalla da tasoshin da wata ta sauke daga jerenta, zanen da aka ɗaura sau ɗaya aka ajiye, awarwaron gado. A yunwar 2005, lokacin da tiyar gero ta gagari talaka a faɗin jihar Maradi, tana da tsufanta ta riƙa fita da irin waɗannan kaya bayan magariba, a lulluɓe. Ko mu 'yan gida ba ta gaya mana na wace ce ba.

Wani abu kuma ya sauya mata aiki ba tare da kowa ya shirya hakan ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a yankin Maradi, inda mata ke haɗuwa mako-mako suna zubi a akwati, suna ba juna rance. Da tsarin ya bazu, sai ga matan da a da sai an bi su gida-gida sun taru a tabarma ɗaya, kuma da ɗan kuɗi a hannu. Sabulu ko turaren da mace ɗaya ta yaba a wurin zubi, kafin mako ya zagayo ya shiga gida goma. 'Yan kasuwa masu wayo sun gane haka da wuri, suka riƙa neman shugabar asusu kafin su nemi kowa.

Sai salula ta zo. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain, sannan Airtel a 2010. Amma ga matanmu, waɗanda da yawansu ba su yi nisa a karatun boko ba, babban sauyi bai zo ba sai da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013. Wadda ba ta iya rubutu ba, sai ta samu hanyar ciniki da bakinta. Da aka ƙara sitatus a 2017, hoton kaya ya soma shiga ɗakuna ba tare da wani ya ɗauko shi a ka ba.

Yau jikanyar Gwaggo ce ke riƙe da sana'ar, a cikin waya. Tana da guruf na matan da galibinsu ta san iyayensu. Da safe ta ɗora hoton turaren wuta ko leshi, ta bi shi da murya: farashi kaza, saura guda kaza, wannan na gwada shi, wancan ban gwada ba tukuna. Kuɗi ya zo ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana, kaya su biyo direban tasha daga Maradi ta Cadawa. Irinta suna da yawa, kowa da ɗan taronsa. Akwai samarin da ke shiga kasuwar dabbobi gab da Layya, su ɗauki bidiyon rago, su buɗe bakinsa a ga haƙora, su aika wa 'yan garin da ke aiki a Yamai ko a ƙetare. Akwai masu haɗa matan da ke saƙar tabarma da kabar Gulbin Kaba da masu saye a birni. Babu ɗayansu da za a kira tauraro. Wanda ya wuce iyakar Tasawa ma ba lalle ya taɓa jin sunansu ba.

Manyan kamfanonin Amurka da Turai, da suka daɗe suna zuba kuɗi a kan fitattun mawaƙa da 'yan ƙwallo, yanzu sun juyo suna neman irin waɗannan mutane, masu mabiya 'yan dubbai ko ƙasa da haka. Dalilinsu a bayyane yake: fitaccen mutum ana kallonsa ne, ƙaramin kuwa ana tambayarsa, kuma yana amsawa. Ban yi mamaki ba. Na ga wannan a tsakar gidajen Mayahi tun kafin a san intanet.

Abin da ke damuna shi ne wani gefe na al'amarin da ya fara ɓullowa a wurinmu. Mai kaya da ke zaune a wani babban gari sai ya tura wa yarinya hoton man shafawa mai sauya launin fata, ko maganin ƙiba, ko wani haɗin da aka ce yana warkar da kowace cuta, ya haɗa mata da kuɗin mega da ɗan abin kashewa. Ita kuma ta ɗora, ta yi murya tana rantsuwa, alhali ko kwalbar ba ta taɓa riƙewa ba. Ƙawayenta su saya don ita ce ta faɗa. Wata ɗiyar maƙwabtanmu haka fuskarta ta yi tabo, aka yi ta zaryar likita. Da aka nemi mai kayan, lambarsa ba ta shiga. Wadda ta yi tallan kuma ta ce ita aike kawai aka ba ta. Wannan magana ce da dillaliya ba za ta iya furtawa ba a zamanin da na sani, don daga ranar babu ƙofar da za a sake buɗe mata.

A Faransa abin ya kai har majalisa, aka kafa doka a watan Yunin 2023 da ta wajabta wa masu irin wannan talla su bayyana cewa biyansu aka yi, ta kuma hana su tallan tiyatar gyaran jiki. Mu a nan, kafin doka ta iso ƙauye, ina ganin uwayen guruf da shugabannin asusu za su iya tsayawa a kan abu biyu: wadda aka biya ta faɗa, kuma abin da ake sha ko ake shafawa kada ta yabe shi sai ta yi amfani da shi da kanta. Na yi wannan magana da jikanyar Gwaggo. Ta ce, "Kawu, ai shi ya sa kaya uku cikin goma nake karɓa, sauran in mayar." Ta ƙara da cewa hakan na rage mata riba sosai, kuma akwai watan da sai ta ciwo rance a asusu kafin ta cika kuɗin saro.

Akwai kuma cinikin da har yanzu bai shiga waya ba. Matar da damina ta matse, rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna, ba za ta yarda a ɗora hoton kwallarta a sitatus ba, domin kishiyarta da surukarta za su gane ta da kallo ɗaya. Irin wannan kaya tsofaffin dillalai ne ke karɓarsa, su kai shi wata unguwa ko wani ƙauye inda ba a san shi ba. A unguwarmu kaɗan suka rage masu yin haka, kuma 'yan matan da ke tasowa duk cinikin waya suke koyo.