Siminti a Kan Ginin Ƙasa: Gyaran da Ke Cin Tsofaffin Gidajen Magarya da Dungas

Ginin ƙasa na ƙasar Hausa sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda magina ke gada daga iyaye a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma har yanzu ana ganin sauranta a tsofaffin unguwannin Magarya, Dungas da Waca, garuruwan kudancin jihar Damagaram da ke kusa da iyakar Najeriya. Da tubali ake tayar da bango, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Da azara ake rufi, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika cin sa ba. Sannan a shafe waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, domin ruwan sama ya zame ya wuce. Indararo na fitar da ruwan soro nesa da bango, zankwaye kuwa, wato tsinayen da ke kusurwoyin rufi, su ne kambin gidan.

Sauyin da ake yi wa waɗannan gidaje yana da dalilansa, kuma bai kamata a raina su ba. Yaɓe, wato sabunta shafen bango kafin damina, aiki ne da ke neman kuɗi da hannaye kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, rabon gado yana tsattsaga gida guda zuwa kashi-kashi, sannan wanda ya dawo daga ci-rani a Kano, Legas ko Aljeriya yana so a ga alamar samunsa a ƙofar gidan mahaifinsa. Ta haka ne ake lulluɓe bangon ƙasa da siminti, a kwashe azara a ɗora kwano, a fasa gefen zaure a mai da shi shago mai ƙofar ƙarfe, a goge zanen dagi da ke saman ƙofa a manna tayil a gurbinsa.

Illar wannan gyara tana cikin halin kayan ginin kansu. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindi a lokacin damina, ya kuma fitar da shi ta fuskarsa idan rana ta buɗe, amma siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma tun da su biyun ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna idan zafi ya sauya, ba a daɗewa shafen ke tsagewa. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ƙasa ta jiƙe ta narke a ɓoye, alhali daga waje bango yana nan sumul. Wanda ya ƙwanƙwasa shi da yatsa zai ji amon holoƙo, alamar cewa ɓawon simintin ya rabu da jikin ginin. Haka kuma fasa ƙofar shago yana rage kaurin da ke ɗauke da nauyin bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke tallafe rufin zaure, yayin da kwano ke mai da ɗakin da a da yake da sanyi a watan Afrilu ya zama wurin da ba a iya zama da rana.

Abin da ya faru a manyan birane ya isa gargaɗi. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa, duk da cewa tun 2006 tsohon birnin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO domin a duba shigar da su kayan tarihin duniya. A Zariya ma wani sashe na masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ya faɗo kan masallata a watan Agusta na 2023, aka yi asarar rayuka. Idan gine-ginen da ke kusa da fada suna iya kaiwa ga haka, to gidan wani malami ko ɗan kasuwa a lungun Dungas, wanda ba a taɓa auna shi ko ɗaukar hotonsa ba, zai ɓace ba tare da an san ya wanzu ba.

Akwai kuma misalan da ke nuna cewa ginin ƙasa yana karɓar zamani. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013. A Dandaji kuwa, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Ana iya shigar da wutar lantarki da famfo, a ƙarfafa gindin bango da dutse, a gyara magudanar lungu, ba tare da an shaƙe ginin da siminti ba.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka ba ta yaɓe bango. Ya kamata hukumomin gari da sarakunan Magarya da Dungas su ƙidaya tsofaffin gidajen da suka rage, a ɗauki hotunansu, a haɗa tsofaffin magina da matasa masu koyo tun suna da rai. Mai gida kuma, kafin ya sayi buhun siminti, ya nemi shawarar maginin ƙasa, ya duba indararo da gindin katanga kafin ruwan farko ya sauka.