Kifi Mai Zaɓen Abinci

A ƙasarmu in an ce kifi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne miya, ko kuwa banda. Amma akwai masu kiwonsa a ɗaki, cikin akwatin gilashi cike da ruwa, don kallo kawai, kamar yadda waɗansu ke ajiye kanari a keji. Ni ma ina cikinsu. Irin wanda na ke kiwo ana ce masa oska. Asalinsa daga kogin Amazon ne, can Amurka ta Kudu, masani Louis Agassiz ne ya fara rubuta siffarsa a 1831. Dangin karfasa ne, sai dai shi baƙi ne mai zanen ja, ga wani ɗigo a gindin wutsiya sai ka ce ido. Ya kan kai inci 12, ya kan yi shekara 10 ko fiye in ya sami kulawa. Guda ɗaya tak sai an ba shi ruwa kamar garwa 15.

Nawa na saye shi ya riga ya girma, daga hannun wani wanda bai taɓa ba shi kome ba sai ƙananan jajayen kifin nan na ado, da ransu. To, sabo turken wawa. Da na zuba masa ƙwayoyin abincin kifi da a ke sayarwa a gwangwani, sai ya ɗauki ɗaya, ya juya ta a baki, ya tofar. Sa'an nan ya koma ƙasa ya kwanta ta gefe guda, launinsa ya dushe, kamar yaron da aka hana wasa. Kwana uku ana haka, uwargida ta ce, "Malam, ka ba shi abin da ya saba mana, kada alhakinsa ya kama ka."

Maganarta kuwa ba ta banza ba ce. Wanda ya tsare dabba, ya hana ta nema wa kanta, cinta da shanta duk su na wuyansa. Amma abin da ya saba da shi ɗin nan shi ne ajalinsa. Ga dalili. Akwai wani bitamin da a ke kira B1, wanda in babu shi jijiyoyi ba su aiki sosai, ko na mutum ko na dabba. Jan kifin nan na ado, da danginsa da yawa, a cikin jikinsu akwai wani sinadari mai lalata wannan bitamin. Duk abin da ya lazimci cinsu ɗanye, ya na ƙoshi ne ya na ramewa ta ciki. Ba a kan kifi aka fara gane haka ba. A 1932, a jihar Minesota ta Amurka, masu kiwon yanyawa don fatarta suka ga dabbobinsu sun daina ci, ƙafafu sun shanye, su na ta mutuwa. Da aka bi sawu, sai aka tarar ɗanyen kifin da a ke cuɗa musu cikin abinci ne ya jawo. Dafuwa ta kan kashe sinadarin, amma ƙanƙara ba ta kashe shi. Ban da wannan, ɗan kifin da aka sayo daga inda aka cunkusa ɗaruruwa ya kan zo da cuta, ya bar wa mai cinsa gado.

Har wa yau, oska a kogi ba kifi kaɗai ya ke ci ba. Ya na cin ƙwari, da jatan lande, da 'ya'yan itace da suka faɗo cikin ruwa. Jikinsa ba ya yin bitamin C da kansa, kamar dai mu, tilas ya samu daga abinci. Mutane ne suka ga bakinsa da faɗi, suka ce maharbi ne, suka ɗora shi a kan abu ɗaya domin daɗin kallon farauta.

Saboda haka na ƙi. Kafin mutum ya yi wa kifi horon yunwa, wajibi ne ya tabbata zaɓe ya ke yi, gama mai ciwo ma ya kan ƙi ci. Mai zaɓe ya kan taho bakin gilashi da ya ga mutum, ya na duban hannu. Mai ciwo ɓuya ya ke yi, kashinsa fari kamar zare, wani lokaci har ƙananan ramuka su fito masa a ka. Wannan ba a horonsa, sai a canja masa ruwa a nemi magani. Ƙaramin kifi ma ba a horonsa. Amma babba mai lafiya ya kan yi mako guda ko fi bai ci ba, ba abin da zai same shi.

Na bar shi kwana biyar. Ran na shida na yanki naman karfasa, siriri, na soke shi a tsinke, na riƙa kaɗa shi cikin ruwa. Motsi ne ke tayar masa da hankali, sai ya kai cafka tun bai yi shawara ba. Bayan 'yan kwanaki na daina kaɗawa. Sa'an nan na shiga tsaga naman ina ɓoye ƙwaya ɗaya a ciki, yadda a ke ɓoye wa yaro magani a cikin ayaba. Sau da yawa ya kan haɗiye naman ya fitar da ƙwayar, har yaran gida su yi ta dariya, su ce kifin Baba ya fi Baba wayo. Sai da muka yi mako shida ana wannan ja-in-ja kana ya ci ƙwaya ita kaɗai, wadda na jiƙa da ruwan naman.

Yanzu ƙwayoyin su ne tuwonsa, domin a cikinsu aka haɗa bitamin ɗin duka. Saura mahaɗi ne. Sau biyu a mako ya kan sami tana, ko gyare, ko fara, amma ba na karɓar fara daga gonar da aka yi wa feshi. Da farkon damina, in shinge ya fito, a nan ya ke yin tasa sallar. Waɗansu su kan ba nasu zuciyar sa. Ni ban yarda da wannan ba, gama kitsen dabbar tudu ba ya narkewa sosai a cikin kifi, a hanta ya ke taruwa.

Sau ɗaya na ke ba shi a yini, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu, ran Juma'a kuwa ba ya samun kome. Abin da ya rage na kan tsame shi nan da nan, don shi ne ke ɓata ruwa. Da hunturu, in ruwan ya yi sanyi, cinsa ya kan ragu, sai in rage masa, in kunna na'urar ɗumama ruwa ta riƙe shi a digiri 26.