Daren da muka ci ɗanyen kifi a Ginza

Tun wata guda kafin isowarmu Tokiyo mai masaukinmu ya kama mana wuri a wani ɗan gidan abinci na unguwar Ginza, mai kujeru 8 kacal. Tsarinsu shi ne omakase, wato «na bar maka zaɓi»: dattijon mai gidan ya yanka kifi, ya dunƙula shinkafa, ya ajiye loma guda a gabanka, ka ɗauka da hannu nan take kamar tuwo.

Ɗanyen kifin bai dame mu ba, tunda a mazhabar Malikiyya abin da ya fito daga teku halal ne. Ɗan burushin da ke hannunsa ne ya tsayar da mu. Da shi yake shafa wa kowace loma nikiri, romon waken soya da ake tafasawa da giyar shinkafa. Kunya ta lulluɓe mu: bawan Allah ya kashe dukiya don ya karrama mu, ga shi za mu ƙi lomar farko. Duk da haka muka faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

Mai masaukin ya fassara. Dattijon ya yi jim, ya kawar da burushin, ya jawo gishiri da ɗan lemun tsaminsu, sudachi. Sannan da kansa ya tambaya: khal ɗin da ke cikin shinkafar fa? Muka ce wannan ya halatta, muka yi bisimilla. Lomar anago kaɗai, mai baƙin romo, aka tsallake mu. A madadinta ya ba mu tuna sau biyu.