Idon Dillali da Takardar Sa

Ranar da wani manomi maƙwabcina a nan lardin Kambiriya, can arewacin Ingila dab da iyakar Sikotilan, ya ɗauke ni zuwa kasuwar shanu ta birnin Kalayil domin ya sayi 'yan bijiman da zai turke, na tafi da yaƙinin cewa ba zan ga wani baƙon abu ba, domin wanda ya tashi yana bin kawunsa zuwa karar Maigatari ran Alhamis da ta Wudil ran Juma'a yana ganin ya san cinikin shanu gwargwadon hali. Amma da aka fara shigo da dabbobin cikin da'irar gwanjo, sai na lura cewa mutumin nan, wanda ya shekara arba'in yana kiwo, bai cika ɗaga kai ya dubi sa ba sai bayan ya gama duban takardarsa: a gonar wa aka haife shi, hannu nawa ya bi kafin ya zo nan, yaushe aka yi masa gwajin tarin fuka, kuma gonar da ya fito tana cikin yankin da cutar ta yi katutu ko kuwa. Wani sa mai kyawun ƙira, wanda da a gida ne da an yi rububinsa, ya bar shi ya wuce bai taya ba, don kawai ya zaga gonaki huɗu cikin shekara biyu.

A wurinmu kuwa, masha Allahu, ilmin duban dabba ilmi ne na haƙiƙa, ba kuma zan yarda wani ya raina shi ba. Na ga kawuna, Allah ya jiƙansa, ya buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, ya taɓa hanci ya ji ko da danshi, ya shafa gashi ya ga ko ya tashi, ya duba ƙarƙashin wutsiya don zawo da kaska, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya tsaya shiru yana sauraron numfashinsa; bayan wannan duka sai maganar dillali da ta mai masauki, waɗanda mutuncinsu da la'adarsu ke rataye da amanar da aka ba su. Kirci ba ya ɓuya ga irin wannan ido, haka nan ramar sammore da ƙudan tsando ke kawowa. Illa dai akwai cututtukan da ba su da ruwa da gwanintar ido. Sa yana iya warkewa daga ciwon huhu a zahiri alhali ƙwayar tana kwance a ƙirjinsa, ya shiga garke lafiyayye ya raba ta. Saniya tana iya ɗauke da bakkale, ba a sani ba sai 'yan'uwanta sun shiga ɓari ɗaya bayan ɗaya, mai tatsarta kuma ya kwanta da zazzaɓin da za a yi ta yi wa maganin cizon sauro ba ya ji. Tarin fuka kuwa yakan shekara a jikin dabba tana cin harawarta, sai mahauci ya feɗe ta a ga ƙuraje a huhu, bayan yara sun daɗe suna shan madararta ɗanya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Ingilishi sun sami wannan tsari ne don sun fi kowa hangen nesa. Masifa ce ta koya musu, sau da yawa kuma sai da ta maimaita darasin. Bushiyar nan da ta share garkunan Fulani wajajen 1890, har dattawa suka riƙa lissafin shekaru da ita, ita ce ta faɗa wa Ingila a 1865 ta hanyar shanun da aka shigo da su a jirgin ruwa, har majalisa ta yi doka a 1866 ta wajabta yanka waɗanda suka kamu tare da biyan masu su diyya. Da irin wannan hanya suka kawar da ciwon huhu daga tsibirinsu a 1898, ciwon da har gobe yana cin garkunanmu. Daga baya, sa'ad da kwaɗayin riba ya sa aka riƙa niƙa nama da ƙashin dabbobi ana zuba wa shanu cikin abinci, su da Allah ya halitta don cin ciyawa, sai cutar haukan shanu ta bayyana a 1986, kuma a 1996 hukuma ta amsa cewa tana iya kama mutanen da suka ci naman. A shekarar ce aka soma ba kowane maraƙi takardar fasfo. Yau duk ɗan maraƙin da aka haifa sai an maƙala masa lamba a kunnuwa biyu, a yi masa rajista kafin ya cika kwana ashirin da bakwai, kuma duk ƙaurar da zai yi sai an sanar da hukuma cikin kwana uku.

Abin da ya fi zama a zukatan mutanen wannan lardi shi ne shekarar 2001. Ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira mboru, wanda makiyayanmu ke ɗauka tamkar baƙon da ke zuwa ya tafi, ya ɓulla cikin watan Fabrairu, kuma kafin a farga tumakin da suka bi ta wata kasuwa da ke kusa da Kalayil sun kai shi sassa masu nisa. Gonaki sama da dubu biyu suka kamu, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan shida, har aka ɗage babban zaɓen ƙasar da wata guda, kuma babu lardin da ya kai Kambiriya shan wuya. Maƙwabcina ya nuna mini gangaren da aka tara shanun mahaifinsa aka cinna musu wuta, waɗanda ba su kamu ba, laifinsu maƙwabtaka, ya ce hayaƙin ya yi kwanaki bai lafa ba. Da ya kai nan sai ya yi shiru, ni ma na yi. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta natsu da ƙona dubban lafiyayyun dabbobi saboda cutar da akasarinsu kan warke daga gare ta ba, kuma akwai Turawa da yawa masu wannan ra'ayi. Amma daga wannan musiba aka sami ƙa'idar da ta fi burge ni: in baƙuwar dabba ta shigo gona, ba a fitar da wata daga gonar sai bayan kwana shida, in ba mayanka za a kai ta ba, domin cuta ta sami lokacin nuna kanta kafin ta yi gaba.

Mu ma ba a bar mu a baya ba duk lokacin da aka yi niyya ta gaskiya. Tun 1924 ake aikin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kuma gangamin allurar bushiya da aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Cadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, ya nuna cewa makiyayi yana kawo shanunsa in ya ga amfani. Da aka yi sakaci ta komo a 1983 ta yi ɓarna, aka sake ɗaura ɗamara, har aka shelanta ƙarewarta daga duniya a 2011. Sai dai fasfo irin na Ingila yana tsaye ne bisa abubuwa biyu da muka rasa: gona mai shinge wadda dabba ke kwana a cikinta rani da damina, da diyyar da manomi ya tabbata za a biya shi in ya faɗi gaskiya. Makiyayin da kakanninsa suka san ƙirgar shanu a matsayin share fagen jangali, wanda kuma ya san in ya ce garkensa ya kamu asara ce tasa shi kaɗai, maslaharsa a ganinsa ita ce ya kora marar lafiyar zuwa kara tun tana iya tafiya, ko a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. A nan ne hatsarin ya koma kan mutane, domin dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci, mai yiwuwa ciwon saifa ne, irin wanda ya ɓulla a arewacin Gana da kuma Suleja a 2023, kuma mai fiɗa da mai jima da mai ci duk suna cikin haɗari. Haka nan mai turke da ke ɗura wa sa allurai ya kai shi kasuwa washegari, alhali a Ingila kowane magani yana da adadin kwanakin da doka ta hana yanka dabbar kafin su cika.

Abin da ke ba ni takaici shi ne asalin ƙa'idar killace dabba yana cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim wanda ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangara da su mashaya tare da na mai lafiyayyu, kuma malaman Malikiyya sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, suka ba mai saye zaɓin mayarwa in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Killace sabuwar dabba ba ya bukatar kwamfuta ko ofishi. Turke ne daban, da kwano daban, da haƙurin 'yan makonni, da kiran malamin dabbobi kafin a gauraya.

Da muka komo gida da la'asar, maƙwabcina bai saki bijimai ukun da ya saya cikin garke ba. Ya kai su wata rumfa can bayan gona mai mashayarta ita kaɗai, ya tsoma takalmansa cikin bokitin magani a bakin ƙofa, ya miƙo mini burushi in wanke nawa, sa'an nan ya ɗauki alli ya rubuta a jikin ƙyauren ranar da likita zai zo ya sake gwada su.