Shawarar da ta ci jarin ƙanina

A watan Nuwamban 2017 kamfanin Microsoft ya fito da Xbox One X, yana tallata ta a matsayin na'urar gem mafi ƙarfi da aka taɓa kaiwa kasuwa, kuma a wancan lokacin gaskiya ya faɗa. A ma'aunin teraflop, wanda da shi ake gwada saurin na'ura wajen lissafin hoto, tana da 6. PS4 Pro ta kamfanin Sony, da ta riga ta fitowa da shekara guda, 4.2 gare ta, PS4 ta asali kuwa ko 2 ba ta cika ba. Waɗannan alƙaluma na haddace, a kansu na ɗora shawarar da na bai wa ƙanina, shawarar kuma ta cuce shi.

A farkon 2018 ne ya ƙudiri buɗe gidan gem a unguwarmu a Kano. Kuɗin da ya tara ne daga sana'ar cajin waya, mahaifiyarmu ta ɗauki adashinta ta cika masa. Tsarinsa ba shi da wani ruɗani: ya sayo PS4 na hannu iya adadin da kuɗin suka isa, ya haɗa da talabijin madaidaita, da benci, da ƙaramin janareta. Ya zo wurina ne don ni ne babba, ni ne kuma aka sani da bin labarin waɗannan na'urori a intanet. Na ce masa kowane lungu akwai gidan PS, in yana son ya fita daban sai ya kawo abin da babu mai shi, wato Xbox One X. A lokacin sabuwar Xbox One X dala 499 ce a Amurka, sabuwar PS4 siririya dala 299, ta hannu kuwa ta fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Wato duk inda muka ajiye Xbox ɗaya, mun hana kanmu wurin wasa guda ko fiye. Na san da haka, amma na ce gara kaɗan mai kyau.

Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, yaran nan fa PS suka sani." Na ce za su saba. Bai ƙara cewa komai ba, ba don na gamsar da shi ba, sai don ba ya musu da ni. Wannan shirun shi ya fi damuna har yau. Shi ne yake zaune da yaran nan kullum a rumfar caji yana jin hirarsu, ni kuwa musun Turawa nake karantawa, amma girma ya sa maganata ta danne tasa.

Ya sayo Xbox ɗin, kwanakin farko shago ya cika, ana zuwa kallon sabon abu. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa, kuma abubuwan da ban taɓa sa su a lissafi ba su suka kore ta.

Hannun wasan shi ya fara ba mu matsala. Yawancin gwanayen wasan ƙwallo na PES a wurinmu tun zamanin PS2 da maɓallan kibiya suke tuƙa ɗan wasa, kuma a hannun PlayStation kibiyoyin nan suna sama ta hagu, daidai inda babban yatsa yake sauka. A hannun Xbox analog ne a wannan gurbin, kibiyoyin an sauko da su ƙasa. Sannan maɓallin X, wanda kowa ya sani a ƙasa yake kuma da shi ake ba da ƙwallo, a Xbox yana gefen hagu, gurbin buga raga a PES. Wata rana ina tsaye a bayan wani yaro, abokinsa ya ce masa ya danna X, ya duba hannun ya danna, ƙwallo ta tashi daga tsakiyar fili ta nufi 'yan kallo. Aka bushe masa da dariya. Ya ajiye hannun, ya biya kuɗin wasansa, bai sake dawowa ba. Yaron da ya tattara canjinsa don ya ci abokinsa a gaban jama'a ba zai biya kuɗi ya koma ɗan koyo ba.

Sai maganar ƙungiyoyi. A lokacin kamfanin Konami mai PES ba shi da lasisin ƙungiyoyi da dama, saboda haka a PES 2018 Barcelona tana nan da sunanta da rigarta, amma Real Madrid sunanta MD White, Chelsea kuma London FC, Manchester United ta zama Man Red. A PS4 wannan ba abin damuwa ba ne, don akwai fayil da masoya wasan suke haɗawa, a zuba shi a filas a jona, nan take sunaye da riguna da tambura su koma na gaskiya. A Xbox One suna kana iya gyara shi da hannu, amma shigo da hoton riga da tambari babu dama. A garin da musun Madrid da Barca yake raba majalisa biyu, wa zai ce wa ɗan Madrid ya shiga fili da wata MD White? Ƙanina ya koma FIFA, wadda take da lasisinta a na'urorin biyu, sai dai 'yan unguwar mutanen PES ne. A watan Afrilun shekarar kuma God of War ya fito, da jaruminsa Kratos da yaran suka sani tun PS2, kuma a lokacin a PS4 kaɗai ake buga shi. Spider-Man ya biyo baya a Satumba, shi ma haka. Kullum sai an leƙo an tambaya, kullum amsar babu.

Hannun wasa a gidan gem ba ya daɗewa, robar maɓalli ta cinye, analog ya fara ja gefe. Na PlayStation in ka shiga titin Beirut ko Sabon Gari za ka samu sabo da na hannu, masu gyara kuma suna da kayansa. Na Xbox sai da ƙanina ya riƙa sautu daga Legas. Ƙarfin da na sa aka biya kuɗinsa kuwa, an yi shi ne musamman don talabijin mai 4K, mu kuma namu na gama-gari ne, bambancin hoton sai mai lura sosai zai gan shi.

Na'urar ba ta da laifi ko kaɗan, aikin da aka ƙera ta dominsa ta yi. Ni ne na ɗauko ta na kai ta inda ba a nemanta. Kafin shekarar ta ƙare ƙanina ya sayar da Xbox ɗin da asara, don masu taya Xbox ta hannu a Kano ba su da yawa, ya koma PS4 ɗin da ya yi niyya tun farko da ragowar jari. Na same shi na ba shi haƙuri, na je wurin Hajiya mahaifiyarmu ita ma na gaya mata shawarata ce ta jawo, na cike masa wani ɓangare na giɓin daga albashina. Ya ce, "Ba komai, Yaya, haka Allah Ya ƙaddara." Gaskiya ne, amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya ƙi sauraro.

Abin da ya ƙara min ciwo shi ne, tarihin wannan kasuwa duk na san shi, kuma babu inda ya goyi bayana. A 1989 Nintendo ya fito da Game Boy mai allo marar kala. Shekara guda bayan haka Sega ya kawo Game Gear mai kala, wadda take cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i, alhali Game Boy da batir huɗu takan ninka wannan lokacin sau da yawa, ga ta da arha, ga kuma wasan Tetris. Game Boy tare da ƙanwarta mai kala sun sayu sama da miliyan 118, Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10. Xbox ta farko da ta fito a 2001 ta fi PS2 ƙarfi, har rumbun ajiya gare ta a ciki, amma wajen miliyan 24 ta sayu, GameCube ta Nintendo wajen miliyan 22, PS2 kuwa ta haye miliyan 155, domin ta riga su shiga gidaje, tana kunna faifan DVD, tana buga wasannin PS1, masu ƙera wasa kuma duk sun raja'a a kanta. A wannan zangon ne Sega ya daina ƙera na'ura gaba ɗaya, a 2001, bayan na'urarsa Dreamcast ta kasa. A 2006 Wii ta Nintendo ta zo a dala 250, ko hoton HD ba ta fitarwa, ta tarar da Xbox 360 da kuma PS3 mai dala 499 zuwa 599, amma ita ta wuce miliyan 100, su biyun kowacce ta tsaya a miliyan 80 da wani abu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa mai rauni ne yake cin kasuwa, wannan ma wani kuskuren ne. Wii U ta 2012 ba ta da ƙarfin a zo a gani, kuma ta faɗi warwas, miliyan 13 da rabi kacal ta sayu, don mutane da yawa ba su ma gane sabuwar na'ura ce ba. PS4 kuwa ta fi Xbox One ta asali ƙarfi, kuma ita ta yi nasara. Amma ko a nan ba ƙarfin ne ya yanke hukunci ba. A 2013 Microsoft ya sanar cewa Xbox One sai ta riƙa haɗuwa da intanet duk sa'o'i 24, kuma za a taƙaita yadda ake sayarwa ko aron faifan wasa na hannu. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye tun kafin na'urar ta fito, amma baƙin jinin ya riga ya kama ta. Ga shi an haɗa ta da kyamarar Kinect a dala 499, PS4 kuma dala 399. PS4 ta sayu sama da miliyan 117, kuma a 2022 Microsoft da kansa ya shaida wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birazil cewa Xbox One ba ta kai rabin haka ba. A 2023 Phil Spencer, shugaban Xbox na lokacin, ya amsa cewa wannan shi ne zangon da ya fi kowanne munin a sha kaye a cikinsa, don a lokacin ne mutane suka tara wasanninsu a asusun intanet na kamfanin da suka zaɓa, kuma wanda ya tara dukiya a wuri ba ya tashi da sauƙi. Xbox One X da na ɗauka alamar nasara ce, ashe yunƙurin cike giɓin da aka riga aka bari ne.

Yanzu in aka tambaye ni ƙarfin kowane kamfani, ba na fara ambaton inji. Nintendo, wanda ya faro da sayar da katin karta a Kyoto tun 1889, jarinsa Mario da Zelda da Pokémon, waɗanda ba ka samun manyan wasanninsu a na'urar Sony ko ta Microsoft, da kuma dabarar haɗa kayan da ba su da tsada su ba da sabon salon wasa. Switch ta fito a watan Maris na 2017, shekara ɗaya da Xbox One X, tana bayanta nesa a ƙarfi, amma ta wuce miliyan 150. Duk da haka da ita na ce ƙanina ya saya, da asarar ɗaya ce, don Mario ba ya tara jama'a a gidan gem na Kano.

Microsoft kuwa aljihu gare shi. Ya kafa Game Pass a 2017, inda kake biyan kuɗin wata ka buga ɗaruruwan wasanni. Ya sayi kamfanin da ya mallaki Bethesda masu ƙera wasanni a dala biliyan 7.5, sannan a Oktoban 2023 ya kammala sayen Activision Blizzard masu Call of Duty, cinikin da ya kai kusan dala biliyan 69. Ga mai intanet mara yankewa a gida da katin banki da ake karɓa a waje, wannan garaɓasa ce ta gaske, kuma ina yaba ta. Amma tun 2024 kamfanin ya fara kai wasanninsa PS5, irin su Sea of Thieves, a 2025 har da Forza Horizon 5, abin da ke nuna cewa shi kansa sayar da wasa ya fi sa wa ido a kan sayar da akwatin.

Sony ƙarfinsa jama'a ne, kuma shi ne ƙarfin da na raina. Tun daga 1994 da PlayStation ta farko ta fito a Japan, hannunta bai sauya kamanni sosai ba, maɓallan nan huɗu suna inda suke, yaron da ya koyi wasa a PS2 yana ɗaukar hannun PS5 ya ci gaba daga inda ya tsaya. Inda na'ura ta yi yawa, can masu gyara suke koyonta, can 'yan kasuwa suke shigo da kayanta, can ta hannu take da daraja, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara jawo sabon mai saye. A Amurka da Ingila Xbox 360 ta taɓa samun irin wannan gindin zama. A wurinmu ba ta taɓa samu ba, kuma teraflop 6 ba ya gina shi a dare ɗaya.

Saboda haka, kai mai niyyar buɗe gidan gem, kafin ka buɗe shafin alƙaluma ka je gidan gem na unguwarku bayan la'asar ka ga wasan da ake layi a kansa. Ka tambayi mai gyara hannun da yake da kayansa a shago. Ka tambayi mai sayar da na hannu wacce na'ura ce ba ta kwana a kanta. A Kano dai, duk ukun PlayStation za su ce maka.